Dutsen da Bai Yi Kuka Ba

Dutsen washi mai lafiya yana kuka in an buga shi. Abu na farko ke nan da Baba Uzoma ya koya mani, tun kafin ya bar ni in taɓa injin walda. Za ka rataya dutsen a yatsa ta ramin tsakiya, ka ɗauki ƙotar katako, ka ɗan buga shi wuri huɗu. In ya yi ting, sautin ya ja kamar ƙaramar ƙararrawar coci, ka saya. In ya yi kwaf, kamar an buga fasasshiyar tukunyar ƙasa, akwai tsaga a ciki ko ido bai gani ba. Irin wannan dutsen, in ka ɗaura shi a giranda, injin washi, yana juyi kusan dubu uku a minti guda, ba faɗuwa yake yi ba. Tashi yake yi. Wanda ke tsaye a gabansa shi ke karɓa.

Sunana Gershon. Shekara biyar ke nan da na gama sakandare. Sakamakon bai kai ni ko'ina ba, sai kawuna ya kawo ni shagon Baba, bayan tsohuwar tashar jirgin Kafanchan. Mu biyu ne a ciki. Muna ɗan yin ƙofa da taga, amma washi ya fi yawa: fartanya, adda, wuƙa, haƙorin injin niƙa. Girandar tana ɗaure a benci da noti huɗu, dutse ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Baba ɗan Ibo ne, amma a kwatas ɗin reluwe aka haife shi. Hausarsa ta fi tawa. Shekara talatin ya yi yana bin jirgi da doguwar guduma, yana buga tayoyin tarago ɗaya bayan ɗaya, yana saurare. Kunnensa ne aikinsa. Tsofaffin reluwe da ke zama a bencinmu suna cewa ya taɓa hana jirgi cike da mutane tashi saboda taya ɗaya da ta ƙi yi masa kuka, aka duba, aka sami tsaga. Shi bai taɓa ba ni labarin ba. Bai kuma taɓa ƙaryata shi ba.

Shekara biyu da suka wuce kunnen ya fara tafiya.

Siririn sauti ne ya fara ɓace masa. Tsuntsu, ƙarar waya, kukan dutse. Magana yana ji in ka tsaya gabansa ka buɗe murya, yana kallon bakinka. Ranar da na gane, ya buga wani tsohon dutse da ni kaina na san ya tsage. Ya yi kwaf. Baba ya tsaya da kunne a kai, ya daɗe. Sai ya ɗago ya dube ni. Na girgiza kai kaɗan. Ya ajiye dutsen ya ce, "Wannan ya mutu."

Tun daga nan haka muke yi. Shi ya buga, ni in ji. Ya kalle ni ta gefen ido, in gyaɗa kai ko in girgiza, shi ya yanke magana da babbar murya. Ba mu taɓa zancen ba, ko sau ɗaya.

Anti Fidelia ta zo a watan sha ɗaya, lokacin haƙar citta. 'Yarsa ce ta fari, nas ce a Enugu. Wata maƙwabciya ta kira ta a waya, wai keke napep ya kusa kwashe Baba a titi, direban yana ta hon bai juyo ba. Ta iso da babbar jaka, da wata jakar babu komai a ciki. Na ga jakar ta biyu, na gane.

Ta same ni a bayan shago ina zuba wa janareta mai.

"Gershon, kai ne kullum tare da Papa. Kunnensa yaya?"

"Lafiya, Anti."

"Ka dube ni."

Na dube ta.

"Mun yi magana da ƙannena. In ba ya ji, ba zai zauna shi kaɗai cikin ƙarfe da inji ba. Zan tafi da shi. In yana ji, zan bar shi. Ban zo faɗa ba. Gaskiya kawai nake so."

"Yana ji," na ce.

Matar Baba tana kwance a maƙabartar da ke hanyar Kagoro. Kowace Lahadi bayan coci yana zuwa ya cire ciyawa a kanta. Ya taɓa ce mani, ba tare da na tambaya ba, an riga an bar masa wuri a gefenta. Enugu sau uku ya taɓa zuwa a rayuwarsa.

Washegari Mama Lai'atu ta sauka daga babur da buhu a kai. Daga Nok take zuwa kowace shekara da wuƙaƙen matan zumuntarsu, waɗanda suke tsaga citta da su kafin a shanya. Ta zazzage su a ƙasa, sun fi talatin.

"Baba Reluwe, ina kwana! Ba ka mutu ba?"

"Ina jiran ki fara," Baba ya ce, yana kallon bakinta.

"Ni? Sai na ci kuɗin citta tukuna." Ta juyo wurina. "Ɗana, bara wani a Kwoi ya wasa mana, wuƙa ya koma shuɗi, ya ƙi ci. Mata sun zage ni har cikin coci. Kar ku ƙone mani wuƙa."

Na san abin da mutumin ya yi. Ya sa wuƙar a dutse mai ruwan toka, mai kaushi, wanda ake cin ɗanyen ƙarfe da shi. Yana zafi da sauri, ya ƙone bakin wuƙa, ƙarfen ya yi laushi har abada. Wuƙa farin dutse take so, mai sanyin ci. Namu farin ya cinye, ya koma kamar murfin kofi. Dole a sayo sabo.

Da ni kaɗai zan je. Baba ya ɗauki hularsa ya ce shi ke zaɓen dutsensa. Anti Fidelia ta ɗauki jakar hannunta ta ce ita ma za ta ga gari.

Shagon Henry yana layin masu kayan ƙarfe a kasuwa. Saurayi ne mai surutu, ya san Baba tun yana makarantar firamare.

"Oga Reluwe da kansa! Yau shagona ya yi albarka. Anti, barka da zuwa, kin ƙara haske. Gershon, kai har yanzu ba ka iya dariya ba?"

Ya fito da duwatsu ya jera a kan kanta. Baba ya sa tabarau. A wannan ba wanda ya kai shi. Ya ture kore gefe guda.

"Wannan na bakin dirili ne, mai taurin tsiya. Ka sa masa wuƙa, ya narke kamar sabulu."

Ya ture mai ruwan tokar ma. Ya jawo farare guda biyu. Ya auna da ɗan ƙaramin tef ɗinsa: inci takwas, kauri inci guda, rami daidai da sandar injinmu. Ya karanta lambar kaushin dutse da ke kan takardar tsakiya. Ɗaya sittin, ɗaya tamanin.

"Sittin," ya ce wa Fidelia, don ita yake wa bayanin duka. "Tamanin ya yi laushi, wuƙa talatin za mu kwana. Kin ga wannan lambar kuma? Gudun da dutsen zai iya ɗauka. Dole ta fi gudun inji. In ta gaza, ko kyauta ne, ki bar shi."

"Papa, ni allura na sani," ta ce. Amma ta yi murmushi. Karo na farko tun zuwanta.

"Guda ɗaya ya rage mai sittin," in ji Henry. "Jiya mota ta kawo daga Kaduna. Hanya ta jijjiga mu, amma kaya ya iso."

Baba ya rataya dutsen a yatsa. Ya zaro sukudireba daga aljihu, ya juya ta, ƙotar katako a gaba. Na matsa inda zai gan ni. Anti Fidelia ta matsa ita ma. Ta tsaya daidai tsakaninmu, idonta a fuskarsa, ba a dutsen ba.

Ya buga na farko. Ting, amma gajere.

Na biyu. Kwaf.

Na uku da na huɗu ban ma saurara ba.

Baba ya san tana kallonsa. Bai neme ni da ido ba. Ya karkata kai, ya lumshe ido kamar mai jin waƙa, ya bar lokaci ya wuce daidai yadda sauti mai kyau ke ja.

"Kin ji?" ya ce mata. "Ƙararrawa."

Fidelia ba ta san kukan dutse ba. Henry yana amsa waya, rediyonsa na ihu. Ni kaɗai na ji a duk kasuwar nan. Kalma biyu za su isa: ya tsage. Kalma biyun nan kuma su ne jakar da babu komai a ciki. Na yi shiru.

Na ce a raina, a hanya zan yar da shi. In ce ya kuɓuce daga hannuna. Ya zage ni, mu sayi tamanin, magana ta mutu. Na miƙa hannu in karɓa. Baba ya naɗe dutsen a tawul ya rungume a ƙirji.

"Dutse ba ya shiga hannu biyu kafin ya hau inji."

Dokarsa ce, tsohuwa. Na sha jin ta. A keke ya zauna da shi a cinya, hannu biyu a kai, duk rami sai ya ɗaga shi sama kamar jariri.

Muka dawo rana ta take tsaka. Mama Lai'atu tana bakin ƙofa tana cin gyaɗa. Babu wuta tun safe. Baba ya kwance tsohon dutsen da kansa. Ya goge sandar, ya duba takardun nan biyu da ke gefe da gefen sabon dutsen, waɗanda wasu ke yagewa suna zaton ado ne. Ya mai da farantin ƙarfen da ke matse dutsen, ya ɗaure noti da sifana, ba da ƙarfi ba. Ya juya dutsen da hannu, ya tafi sumul. Komai daidai ya yi. Ban taɓa ganin ya yi aiki da kyau haka ba.

Murfin ƙarfen da ke rufe dutsen ya karye tun kafin in zo shagon. Kullum muna cewa za mu yi masa walda.

Fidelia ta zauna a benci, taku uku daga inji. Na sunkuya kusa da Baba kamar ina neman noti a ƙasa.

"Baba, dutsen ya tsage," na ce ƙasa-ƙasa.

Bai motsa ba.

Na ƙara matsawa, bakina kusan a kunnensa. "Ya tsage. Kwaf ya yi."

"Me kake nema a wuyana?" ya ce da ƙarfi. "Je ka ta da janareta."

A nan na ga inda na sa kaina. Muryar da Fidelia ba za ta ji ba, shi ma ba zai ji ba. Wadda zai ji, har Mama Lai'atu a waje za ta ji.

Na fita bayan shago. Na tsaya kan janareta. Na yi tunanin cire fulog in ce ya lalace. Amma Baba ya fi ni sanin injin nan, minti biyar zai gyara. Kuma wuta za ta iya dawowa kowane lokaci. Na ja igiya. Ya tashi bugu ɗaya, shi da kullum sai na ja sau goma.

Da na shigo hannunsa yana kan makunni. Dokarsa ta biyu ita ce, sabon dutse in za a kunna, kowa ya koma gefe, a bar shi ya yi minti guda yana gudu shi kaɗai. Ya kora Fidelia can kusurwa. Shi ma ya ja da baya gefe. Na ce a raina, watakila. In ya fashe cikin mintin nan, bango ne zai sha. Sai a ce hanya ce, ko Henry.

Sai na tuna in bai fashe ba. Baba ne zai ɗauki wuƙar farko. Kullum shi ke buɗe sabon dutse, fuskarsa tazarar hannu guda daga shi, don idonsa ma ya rage.

"Baba!" Na yi ihu yadda zai ji. "Kar ka kunna! Dutsen ya tsage!"

Ya ji. Kowa ya ji.

Ya juyo a hankali. "Ka ce me?"

"A shagon Henry. Bugu na biyu. Kwaf ya yi."

Fidelia ta miƙe. Baba bai dube ta ba. Ni yake kallo, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

"Yaron da na koya wa riƙon guduma," ya ce. "Shekara talatin ina jin jirgi. Kai za ka gaya mani kukan dutse?"

"Papa, tsaya tukuna," in ji Fidelia.

Ya danna makunni. Ya kuma tako ya tsaya daidai gaban dutsen, inda ya hana ni tsayawa shekara biyar. Ya harɗe hannu a ƙirji.

Ban yi tunani ba. Na rungume shi ta ƙugu na yi gefe da shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Muka zube kan tarin rodi, gwiwar hannunsa ta daki ƙarfe, tabaraunsa ya tashi.

Dutsen yana gudu. Fari tas, shiru, ko rawa ba ya yi.

Baba ya ture ni. Ya zauna a ƙasa, jini yana bin hannunsa, bayansa ga injin. Ya nuna shi da babban yatsa ta kafaɗa, bai ko waiwaya ba.

"To? Ina tsagar? Ka ka da ni a gaban 'yata, a shagona, don ka nuna kai ne mai kunne? Ka ɗauki kayanka. Yau ɗin nan. Ba na son in ƙara ganin—"

Ƙarar ta yi kamar an harba bindigar mafarauta a cikin ɗaki. Fidelia ta yi ƙara ta toshe kunne. Farar ƙura ta cika shagon. Injin ya shiga rawa a kan benci, yana buga notinsa. A waje Mama Lai'atu tana kiran sunan Yesu.

Baba ya dakata. Ya juya kai, ba wajen injin ba, wajen ƙofa.

"Wa ke ƙwanƙwasawa?" ya ce.



Na rarrafa na kashe makunni. Rabin dutsen ne ya rage a sanda. Guntu ɗaya ya nutse a katakon benci. Babban ya bi ta kwanon bango ya fita, ya bar rami kamar tafin hannu. Rana ta shigo ta ramin, ta ratsa ƙurar, ta sauka a ƙasa. Baba ya bi hasken da ido har zuwa bango. Ya miƙe da ƙyar. Ya je ya tsaya inda ya tsaya ɗazu, gaban injin, ya dubi ramin. Daidai wuyansa.

Ya daɗe a wurin.

Fidelia ta sauke hannu daga kunnenta. Ni ta tambaya, ba shi ba, kuma ba ta ɗaga murya ba. Ta san ba sai ta ɓoye ba.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu, Anti."

"Jiya ka dubi idona."

"E."

Ta buɗe jakar hannu ta ciro auduga da bandeji. Ta zaunar da shi a benci ta wanke ciwon. Ya miƙa mata hannun kamar ba nasa ba. Bai yi gardama kan tafiya Enugu ba, ranar ko bayanta.

Wuƙaƙen Mama Lai'atu da hannu na wasa su, a kan dutsen ruwa, kwana biyu. Ta kwana wurin 'yar'uwarta. Da ta zo karɓa ba ta yi tsokana ba. Ta gwada ɗaya a farcenta, ta ce ya yi, ta ɗaure buhu. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ɗana, ka cece shi fa."



Ranar Lahadi Baba ya je maƙabarta tare da Fidelia. Ban bi su ba. An ce ya cire ciyawar, har da ta wurin da aka bar masa. Litinin da safe suka tafi tashar mota. Ni na ɗauki jakunkunan, duka biyun da nauyi yanzu. Doguwar gudumarsa ta reluwe ta ƙi shiga jaka, ya riƙe ta a hannu kamar sanda.

Motar tana lodi. Fidelia ta shiga ta kama masa kujerar taga. Ya tsaya a ƙasa, ya miƙo mani makullin shago ba tare da ya dube ni ba.

"Ka yi wa murfin nan walda," ya ce.

"To, Baba."

"A kasuwa ya kamata ka faɗa. A can."

Na buɗe baki. Abin da zan ce ba na ihu ba ne, kuma tasha cike take da mutane. Na rufe. Ya jira kaɗan yana kallon leɓena. Da ya ga ba su motsa ba, ya hau mota.

Na yi wa murfin walda a ranar. Ramin kwanon ban toshe ba. Na koma wurin Henry na ɗauki mai tamanin ɗin. Na rataya shi a yatsa, na buga wuri huɗu. Ya yi kuka mai kyau, dogo. Na ɗago kai in gyaɗa. Henry ne kawai a wurin, yana danna waya.